Stationary ko stationery? Harafi ɗaya zai sa in sake fentin allon shagona

Sani_MaiLittafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da na buɗe ɗan shagon sayar da littattafan rubutu, biro, fensir da ambulan, dab da wata sakandare a nan garinmu. Na ba mai fenti aikin allon shago, ya rubuta suna da jan fenti, a ƙasa ya sa STATIONARY da manyan baƙaƙe. Jiya bayan la'asar wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya zo sayen jan biro. Ya karɓi canjinsa ya fita, ya ɗaga kai ya dubi allon, sai ya dawo ya rage murya ya ce mini, "Yaro, abin da aka rubuta maka ma'anarsa abin da yake tsaye ba ya motsi. Kayan rubutu da E ake rubuta shi." Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don ɗalibai ne ke wucewa ta ƙarƙashin allon nan safe da yamma, ba na so wani yaro ya kwashi kuskure a wurina ya kai ɗakin jarrabawa.

Tambayata ita ce, me ya sa Turanci yake da kalmomi masu kama da juna haka, harafi ɗaya tak ya raba su amma ma'anarsu ta yi hannun riga? Akwai ƙa'idar da mutum zai riƙe, ko kuwa sai hadda?

Ummu_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Dattijon nan ya yi maka alheri, Allah Ya saka masa. Dabarar da aka koya mana a makaranta: envelope da E ya fara, kuma kayan rubutu ne, to stationery da E. Mota kuwa, car, tana da A, idan ta tsaya cak stationary ce. Shekara ashirin ban manta ba.

Malam_Ticha:
Malam Sani, tambayarka biyu ce, bari in fara da kalmarka. Abin da zai ba ka mamaki, kalmomin nan biyu uwarsu ɗaya. Duk daga kalmar Latin ta stationarius suka fito, wato wanda yake da mazauni tsayayye. A Ingila ta da, yawancin masu saye da sayarwa yawo suke yi da kaya kamar 'yan koli, amma masu sayar da littattafai, musamman a garuruwan jami'a, rumfa suke kafawa wuri guda. Sai aka riƙa kiran irin wannan ɗan kasuwa stationer. Har ƙungiyar sana'a suka kafa a Landan a 1403, ta samu takardar amincewar sarauta a 1557. Kayan da stationer yake sayarwa su ne stationery, kamar yadda baker yake da bakery. Ka ga E ɗin daga sunan mai sana'ar ta zo. Kai ne stationer ɗin, ka riƙe wannan ba za ka sake ruɗewa ba.

Game da ƙa'ida kuwa, akwai ta a wasu wurare, babu ta a wasu. Wadda ta fi amfani ita ce ta C da S: advice suna ne, shawara, advise aikatau ne, ba da shawara. Haka device da devise, haka practice da practise, haka licence da license. C ga suna, S ga aiki.

Dalibi_SS3:
Malam, ni wayata idan na rubuta practise sai ta ja masa jan layi. To wa zan bi?

Malam_Ticha:
Ɗana, wayarka a kan Turancin Amurka aka saita ta. Amurkawa practice suke rubutawa ga suna da aikatau duka, license ma haka da S ga duka biyun. Mu kuma tsarin Ingila muka gada a makarantunmu. Shiga saitin allon rubutun wayar ka mayar da shi na Birtaniya. Amma advice da advise ko a Amurka a rabe suke, domin furucinsu ma daban ne: na farko da sautin S yake ƙarewa, na biyu da Z.

Bakatsine77:
Ni dai a ganina ana ɗora wa kai nauyin da bai kai ya kawo ba. Malam Sani, tsakani da Allah, a wata biyun nan akwai wanda ya zo sayen biro ya fasa saboda A ta zauna a gurbin E? Kowa ya ga littattafai jere a kanta ya san abin da kake sayarwa. Kuɗin da za ka ba mai fenti ka ƙaro katan ɗin littafi da su. Mun cika girmama harshen nan fiye da kima. Su masu shi ma kuskuren suke yi, ku duba yadda suke rubuta your a wurin you're a Facebook.

Nas_Hauwa:
Yaya Bakatsine, a allon shago wataƙila maganarka ta yi, amma ka zo wurin aikinmu ka gani. Hypertension hawan jini ne, hypotension faɗuwarsa. Hyperglycaemia suga ya yi yawa a jini, hypoglycaemia ya yi ƙasa. Hyper da hypo kalmomin Girkanci ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa. An taɓa kawo mana wata tsohuwa mai ciwon suga cikin dare, tana gumi, hannunta na rawa, ba ta gane mutane sosai. Jikanta ya miƙo wata 'yar takarda da aka rubuta masa a inda suka fara zuwa, rubutun a cakuɗe, ba ka iya cewa ER ne ko O a tsakiyar kalmar. Ban tsaya hasashe ba, na soki yatsarta na auna, sugan ya faɗi ƙasa warwas. Abin da take bukata suga ne. Da an ɗauka ɗaya kalmar ce aka yi mata allurar insulin mai rage suga a jini, da labari ya sha bamban. Ƙasa da 70 a na'urar awo mun san ya faɗi, awon ne ya raba gardama, ba takardar ba.

Sunayen magunguna ma haka. Chlorpropamide na ciwon suga ne, chlorpromazine na taɓin hankali. Shi ya sa a wasu kwalaye za ka ga an rubuta ƙarshen sunan da manyan baƙaƙe, chlorproPAMIDE da chlorproMAZINE, don ido ya faɗa kan inda suka rabu.

Bakatsine77:
Wannan na yarda, Anti Nas. Rai ba abin wasa ba ne. Amma ni a kan allon shago nake magana. Kuma har yanzu ba wanda ya gaya mini abin da ya hana a rubuta "Kayan Rubutu" da Hausa a huta.

Baba_Ritaya:
Bakatsine, shawararka ta rubuta Hausa mai kyau ce, ina goyon bayanta. Sai dai kada mu ɗauka namu harshen ya tsira daga wannan. Rubuta gari ka ba mutum, bai san ko na zama ba ne ko na tuwo sai ya ga jimla. Wuya fa, ta jiki ko ta wahala? Kuka na hawaye ko na miya? Fari launi ne, ko rashin ruwan sama, ko farkon abu? Mu muna rarrabe su da tsawon wasali da karin sauti, abin da rubutun boko ba ya nunawa, kuma ba ma jin wahalarsa saboda da shi muka tashi. Inda ya fi damuna shi ne baƙaƙe masu ƙugiya da yaran yanzu suka watsar. Kafa daban, ƙafa daban. Baki daban, baƙi daban. Ka rubuta wa mutum "karya ce" kana nufin ƙarya, ka ga ka kira macen kare. Na shekara talatin da biyar ina koyarwa a firamare, kuma abin da na gani shi ne yaron da ya saba kula da ƙugiyar Ƙ da ta Ɗ, shi ne yake lura da bambancin quiet da quite. Idon ɗaya ne.

Ummu_Khalifa:
Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Ni ma ƙugiyar nan sai kwanan nan na gano cewa idan na danne K a waya na ɗan jima, Ƙ tana fitowa, in dai an sa Hausa a cikin harsunan allon.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, tamu wahalar ta ninka taku idan muka zo koyon Turanci, saboda kalmar za ta zo maka da fuskar wadda ka sani, ciki kuwa daban. Librairie a wurinmu shagon sayar da littattafai ne, irin na Malam Sani, amma library ɗakin karatu ne da ake aron littafi. Actuellement yana nufin a halin yanzu, actually kuwa a zahirin gaskiya. Attendre jira ne, attend halarta. Lokacin da na fara shiga Kano sayen kaya na tambayi wani ɗalibi library, ina nufin inda zan sayi ƙamus, ya yi mini kwatancen ɗakin karatu da zuciya ɗaya. A Faransancin kansa ma akwai poisson, kifi, da poison, guba. S ɗaya ce tsakaninsu.

Mai_Kwamfuta:
Tunda an zo kan S ɗaya da S biyu, desert da dessert fa? Ni na ɗauka mai S biyu da sautin S ake faɗarsa, mai ɗaya da Z.

Dan_Damagaram:
A Faransanci haka ne daidai. A Turanci kuwa malaminmu ya ce duka da Z ake faɗa.

Malam_Ticha:
Malaminku ya yi gaskiya. Bambancin a inda ake danna murya yake. Hamada, DEsert, a gaɓar farko. Kayan zaƙi na bayan abinci, desSERT, a ta biyu. Sannan akwai ta uku, deSERT mai S ɗaya, wato gudu a bar mutum ko a tsere daga aikin soja, furucinta ɗaya da na kayan zaƙin. Dessert daga Faransanci aka aro ta, daga desservir, kwashe kwanuka bayan an gama ci.

Wannan ya kawo mu ga tambayar Malam Sani ta asali, me ya sa abin ya yi yawa. Dalili na farko aro. A 1066 mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na shekaru aru-aru, ga kuma Latin na coci da makaranta. Kalmomi suka yi ta kwarara, da yawa saiwarsu ɗaya, ɗafa-goshi ne kawai ya bambanta. Accept da except duk daga aikatau ɗin Latin mai ma'anar kamawa suke: ad yana nufin zuwa gare ka, sai ya ba da karɓa; ex yana nufin waje, sai ya ba da cirewa. Haka affect da effect. Haka immigrate, shiga wata ƙasa, da emigrate, fita daga taka. Wanda ya san ex fita ce, kamar a exit da export, ya rage wa kansa hadda mai yawa.

Na biyu, rubutu ya tsaya, baki bai tsaya ba. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476, a daidai zamanin da furucin dogayen wasulan Turanci yake ta sauyawa, sauyin da ya ɗauki wajen shekara 300. Rubutu ya daskare a kan tsohon furuci. Shi ya sa meat da meet, waɗanda a da ba ɗaya ake faɗarsu ba, yau kunne ba ya raba su. Ga shi haruffa 26 ne kacal suke ɗauke da sautuka wajen 44.

Na uku, wasu kalma ɗaya ce aka tsaga biyu a rubutu, ma'anarsu ta rabu. Of da off asalinsu ɗaya. To da too haka. Then da than haka. Baba_Ritaya ya kawo misalin gari, to flour da flower ma kalma ɗaya ce a da, garin alkama shi ne "furen" hatsi, wato mafi kyawun abin da ke cikinsa.

Lauya_Bello:
Malam ya zuba ilimi, Allah Ya ƙara basira. Gyara ɗaya zan yi tun kafin wani ya ce affect aikatau ne, effect suna ne, shi ke nan. Galibi haka ne, amma a takardun ofis da na shari'a effect yana zuwa a matsayin aikatau da ma'anar aiwatarwa. "To effect payment" biyan kuɗin ne, "to affect payment" kuwa yin tasiri a kan biyan, wataƙila ma kawo masa cikas. A yarjejeniya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A fagenmu waɗanda na fi cin karo da su: counsel, lauya ko shawara, da council, majalisa. Prosecute, gurfanarwa a kotu, da persecute, gallaza wa mutum. Prescribe, wajabtawa ko rubuta magani, da proscribe, haramtawa, kishiyoyin juna ne ma. Sai principal da principle. Shugaban sakandare principal ne, uwar kuɗi a bashi ma principal ce, amma ƙa'ida ko aƙida principle. Na taɓa mayar da takardar rance gaba ɗaya a sake bugawa saboda an sa "principle sum" a wuri shida.

Mai_Kwamfuta:
Barista, ni mai shagon buga takardu ne, kuma abin da ke ba ni tsoro shi ne kwamfuta ba ta kama irin waɗannan. Jan layi yana fitowa ne idan kalmar babu ita a ƙamus. Principle kalma ce, stationary kalma ce, sai ta bar su su wuce. Makon jiya wani matashi ya kawo takardar neman aiki da ya rubuta da hannu, ya sa "To the Personal Manager" da kuma "I don't want to loose this opportunity". Na juya masa allon kwamfutar na nuna masa: personnel ma'aikata ne, personal abin da ya shafi mutum shi kaɗai, lose rasawa, loose sako-sako kamar wandon da ya yi yawa. Ya yi shiru, ya ce ya riga ya kai irin wannan takardar wurare uku. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, domin yaron yana da takardun makaranta masu kyau.

Gwaggo_Asabe:
Lose da loose ɗin nan su ne suka fi wahalar da 'ya'yana. Na ce musu loose ya yi sako-sako shi ya sa O biyu suka samu wurin zama, lose kuwa ya rasa O ɗaya. Sun riƙe.

Bakatsine77:
To ga wata. A jikin tankar mai ana rubuta "highly inflammable". In ai korewa ce, kamar incorrect da invisible. Ke nan cewa suke yi ba ya kamawa da wuta? Ba kuskuren masu fenti ba ne shi ma?

Lauya_Bello:
A'a, wannan karon masu fenti sun yi daidai. Inflammable da flammable ma'anarsu ɗaya, mai saurin kamawa da wuta. In ɗin nan ba ta korewa ba ce, ta inflame ce, cinna wuta. Wanda ba ya kamawa non-flammable ake ce masa. Saboda ruɗanin da kai ma ka shiga ne masu harkar kariya suka fi son a rubuta flammable. Irinsa invaluable, ba marar daraja ba ne, abin da darajarsa ta wuce a yi mata kuɗi ne. Infamous kuma wanda ya yi ƙaurin suna, ba wanda ba a sani ba.

Kofa_Zainab:
Ina hidimar ƙasa yanzu, bari in kawo tamu. Corps ɗin da ke cikin sunan NYSC, wadda aka kafa a 1973, ba a furta P da S ɗinsa, "ko" ake cewa da ɗan ja. Idan ka furta su ka faɗi corpse, wato gawa. A sansani an ja mana kunne a kan wannan tun ranar farko. Duka biyun daga corpus suke, jiki a Latin, ɗaya jikin runduna ɗaya jikin mamaci.

Baba_Ritaya:
'Yata Zainab ta taɓo inda nake so a je. Rabin matsalar a kunne take kafin ta iso alƙalami. Mu Hausawa F da P a bakinmu kusan abu ɗaya ne, shi ya sa yaro zai rubuta fan yana nufin pan, ko full yana nufin pull. B da V ma haka, TH kuma mukan mayar da ita S ko Z, sai faith ta koma face. Abin da yaro ya ji shi zai rubuta. Amma muna da wata riba da ba ma amfani da ita. Live da leave, ship da sheep, full da fool, ina koya su ne da garin zama da garin tuwo. In ce su faɗi na farko, gajere, su faɗi na biyu, su ja. Nan take aji yake ganewa, don kunnen Bahaushe ya san gajeren wasali da dogo tun yana goye.

Malam_Ticha:
Ranka ya daɗe, wannan dabarar zan ɗauka in kai aji gobe. Sai dai in ƙara cewa a Turanci ba tsawo ne kaɗai ba, wasalin ship ya fi na sheep sassauci, harshe ba ya hawa sama sosai. Amma a matsayin mataki na farko babu kamarta.

Dalibi_SS3:
Ni being da been ne suke kayar da ni a insha'i. Da kuma its da it's.

Ummu_Khalifa:
Been yana bin have, has ko had. Being yana bin is, am, are, was, were. It's kuma gajarta it is ko it has ne, ka warware shi a zuciyarka, idan jimlar ta zauna ka sa waƙafin sama, idan ba ta zauna ba its ne na mallaka.

Sani_MaiLittafi:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ban zaci tambayar allo za ta kai mu asibiti da kotu ba. Na kira mai fentin, ya ce shi ma a allon wani shago ya kwafa, kuma zai gyara A ɗin kyauta ranar Asabar. Yaya Bakatsine, na ɗauki rabin shawararka, zan sa a ƙara layin Hausa a ƙasa. Abin da nake shirin rubutawa: BOOKS AND STATIONERIES, sannan LITTATTAFAI DA KAYAN RUBUTU. Ya yi?

Bakatsine77:
Ni da Hausar za ka sa a sama, Turancin a ƙasa. Masu sayenka da wane harshe suke yi maka ciniki?

Malam_Ticha:
Malam Sani, cire IES ɗin nan. Stationery ba ya ɗaukar jam'i, kamar furniture da equipment, ko da kayan sun cika shago. BOOKS AND STATIONERY.

Mai_Kwamfuta:
Malam, amma stationeries ɗin a ko'ina ake ganinsa a ƙasar nan, har a takardun kwangila da nake bugawa. Abin da kowa yake faɗa bai zama namu Turancin ba?

Malam_Ticha:
Wannan muhawara ce mai zaman kanta, kuma ban ce ba ka da hujja ba. Amma allon nan a ƙofar makaranta yake, kuma mai makin jarrabawa ba zai karɓa daga yaro ba.

Baba_Ritaya:
Sani, ka rubuta duka layukan biyu a takarda da manyan baƙaƙe, ka riƙe a hannunka ka tsaya a gindin tsani har ya gama. Ka ƙirga masa T ɗin LITTATTAFAI, guda huɗu ne.